Tukunya Biyu Don Baƙo Ɗaya: Girkin Ƙetare a Gidajen Salaga, Yendi da Bawku



Duk gidan da yake da ɗa ko 'ya a ƙetare ya san irin hidimar da kan tashi da zarar waya ta shigo cewa ga su nan tafe. Akan share tsakar gida, a yi wa ɗakin baƙi sabon shafe, a aro katifa a maƙwabta, sa'annan a zo kan babbar magana, wato me za a dafa musu. A wannan fitowa mun ga ya dace mu kai mai karatu garuruwa uku na arewacin Gana, Salaga da Yendi da Bawku, inda wannan tambaya ta daɗe tana hana matan zango barci, domin abin da ke faruwa a madafansu shi ne ke faruwa a namu, ko a Maraɗi muke, ko a Lome, ko a Kano.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu wani al'amari ne da ya faru a gidan wata gwaggonmu a Bawku. Ɗanta ne ya zo ganin gida daga Jamus bayan shekara 11, tare da matarsa da 'ya'yansu biyu waɗanda aka haifa a can. Tun saura wata guda gwaggo ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa kafin lokacinta, ta sayi buhun shinkafa 'yar waje mai ƙamshi, da kwalin kajin ƙanƙara, da kwalaben mayonis da gwangwanayen wake kore. Ranar saukarsu aka jera soyayyar shinkafa da salak a manyan farantai. Ɗan nata ya yi cokali biyu, ya ajiye, ya dube ta ya ce, "Mma, ashe yau ba a tuƙa tuwo a gidan nan ba?"

Ta ce, "Haba ɗan nan, ka taso tun daga Jamus in tare ka da tuwo? Me mutanen unguwa za su ce?"

Ya ce, "Wallahi Mma, wannan shinkafa ita nake ci dare da rana a can. Tuwonki da miyar ayoyo na biyo."

Kashegari gwaggo ta tuƙa tuwo da murnarta, ta kaɗa miya da daddawa da naman zabo. Uban ya ci har da neman ƙari. Su kuwa jikokin da suka ga miya tana yauƙi sai suka noƙe, ƙaramar ta fashe da kuka, aka rarrasa har aka gaji. Gwaggo ta shige ɗaki, muka iske ta tana share hawaye, tana cewa jikokinta sun ƙi hannunta. Ga bashin adashi a wuya, ga shinkafar da uba bai so ba, ga tuwon da 'ya'ya suka ƙi. A ranar muka gane cewa mota ɗaya takan sauke baƙi iri biyu a ƙofar gida, kuma kowane da yunwar da ya zo da ita.

Zango bai taɓa rabuwa da baƙo ba

Kafin mu shiga madafa, yana da kyau mu waiwayi tarihi kaɗan, domin zai rage wa uwargida fargabar da take yi wa abincin da ake kira na waje. Salaga, wadda tun 2019 take cikin jihar Savannah, ita ce Gwanjar da kakanninmu fatake suke nufi idan sun ce za su Gwanja. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya yi watanni a hanya da jakuna ɗauke da kanwa, da tufafi, da kayan fata, da busasshen ganyen albasa da muke kira gabu, ya dawo da goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Garin ya kuma kasance babbar kasuwar bayi, abin da tarihi ba zai manta ba, kuma rijiyoyinsa masu yawa suna nan har yau suna tuna wa mai ziyara yawan jama'ar da ta taɓa sauka a wurin. Bafaranshen nan Binger da ya ratsa garin a 1888 ya tarar da shi cakuɗe da ƙabilu daban-daban. Kowane falke yana da maigidan da yake sauka a wurinsa, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya yi masa dillanci, ya karɓi la'ada. Saboda haka ciyar da baƙon da ya zo daga wata ƙasa sana'a ce ta gado a gidajen Salaga.

Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1892 ya tarwatsa kasuwar, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da wasu garuruwa. Cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Duk inda suka sauka suka kafa zango, matansu kuma suka kafa murhu. Daga waɗannan murahu ne abincin Hausa ya shiga bakin mutanen Gana, har ya zama nasu. Tuwon zafi da ake sayarwa daga Bawku har Akra da sunansa na Hausa ake kiran sa. Haka koko da ƙosai da masa da fura da ƙuli-ƙuli. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi da 'yar kanwa ita ce waakye, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar wake, kuma a yau babu wani gari a Gana da ba a layin sayenta da safe.

Mu ma abin da muke ɗauka namu ne tun fil azal, da yawansa baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Alkaki da alkubus sunayensu kaɗai sun nuna daga Larabci suka fito, kuma ana danganta yaɗuwar irin waɗannan abinci na alkama da Larabawan arewacin Afirka da suka zauna a Kano. Tumatir da barkono da masara da rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan da jiragen Turawan Fotugal suka fara zirga-zirga a gaɓar tekunmu. Dunƙulen Maggi da ba a rasa shi a miyarmu wani kamfani ne na ƙasar Siwizalan ya fara yin sa a farkon ƙarni na 20. Ashe ke nan uwargidan da ta ɗora tukunyar Makka ko ta Senegal a yau, hanyar kakanninta ta bi.

Yadda dangi suka watsu

Ba banza ba ne baƙin gidajen zango suke zuwa da harsuna daban-daban. A Nuwamba 1969 gwamnatin Dakta Busia ta ba baƙi marasa takardun zama wa'adin mako 2 su bar Gana, iyalai da yawa suka rabu, wasu suka koma Nijeriya, wasu Nijar, wasu Togo da ƙasar da a yanzu ake kira Burkina Faso. A farkon 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, mutanen Gana kimanin miliyan 1 suka koma gida, da yawa da ɗanɗanon girkin Legas da Kano a bakinsu. Daga baya samari suka bi hanyar Libiya da Italiya da Jamus da Amurka, har a Gana ake kiran wanda ya dawo daga Turai da boga, sunan da aka ciro daga birnin Hamburg. Ga kuma alhazai da ɗaliban ilmi da masu aiki a Saudiyya, waɗanda tun 2016 aka fara kwasar alhazan arewa kai tsaye daga filin jirgin Tamale.

Waɗannan dangi sukan zo ne a lokuta sanannu, wato Sallah ƙarama da babba, da bikin Damba da ake yi a watan Rabi'ul Awwal a Yendi, fadar Ya Na, sarkin Dagomba, da lokutan aure da suna da ta'aziyya. A Bawku kuwa, rikicin sarautar da ya sake tsananta daga ƙarshen 2021, da dokar hana fita da aka sha kafawa, sun sa 'yan uwa da yawa sun ɗage zuwa gida shekara bayan shekara. Muna roƙon Allah Ya zaunar da garin lafiya. Wanda ya san haka zai fahimci dalilin da ya sa uwa take neman zuba duk abin da ta mallaka a tukunya ɗaya ranar da ɗanta ya samu isowa.

Shawararmu ita ce a ɗora tukunya biyu. Ta farko tuwon gida, wanda ba ya buƙatar mu koya wa kowa. Ta biyu girkin ƙetare, don jikoki da surukai da duk wanda bakinsa ya saba da wani abu dabam, amma da kayan da kasuwarmu take da su. Ga misalai uku, kowanne daga abin da ɗaya daga cikin garuruwan nan ya wadata da shi.

Bawku: shinkafar Makka da naman zabo

Bawku gari ne na albasa, wadda ake nomanta da rani a bakin kogin Farar Volta da madatsun ruwa, gari ne kuma na zabi, kasuwarsa tana ci duk bayan kwana 3. Yana kusa da iyakar Togo da ta Burkina Faso, kuma ta kasuwar Sinkase kayan ƙamshi iri-iri suke shigowa. Wanda yake da albasa da zabo ya riga ya mallaki rabin kabsa, wato shinkafar da alhazanmu kan ci a Makka da Madina su dawo suna ba da labarinta.

Don mutum 8, uwargida za ta tanadi zabi 2, shinkafa kofi 5, albasa manya 4, tumatir 5, karas 2, tafarnuwa, citta, kanumfari, kirfa, masoro, da ƙwayar hel idan wata Hajiya ta kawo tsaraba. Sirrin wannan girki shi ne busasshen lemun tsami, wanda Larabawa suke kira lumi, kuma ba sai an aika Jidda ba. A tafasa lemun tsami cikin ruwan gishiri na 'yan mintoci, a shanya a rana lokacin hunturu har sai ya yi duhu ya bushe ƙamas, a adana a kwalba.

A soya albasa cikin mai har ta yi ja, a zuba naman zabon a juya, a sa kayan ƙamshi da jajjagen tumatir, a bari ruwan tumatirin ya tsotse. Sa'annan a tsaida ruwa, a huda lemun guda 2 a jefa, a bar naman ya dahu, domin zabo ya fi kazar gona tauri, yakan kai awa guda. Idan ya yi laushi a tsame shi, a gasa a kan gawayi ko a ɗan soya. A cikin romon ne za a dafa shinkafar tare da gurzajjen karas. Idan basmati ce, a jiƙa ta minti 30, kowane kofi a ba shi romo kofi ɗaya da rabi. Idan ta gida ce mai turare, irin ta kwarin Fumbisi, a rege ta da kyau saboda tsakuwa, a ba kowane kofi romo kofi 2. Da ruwa ya kusa ƙarewa a rage wuta, a rufe tukunya ruf, a bar ta ta turara. A juye a babban tire, a jera nama a sama, a barbaɗa soyayyar gyaɗa a madadin lauz, da zabibi idan akwai. Yaji kuwa a yi shi a gefe, da ɗanyen tumatir da attaruhu da tafarnuwa, don yaran da ba su saba da zafi ba su iya ci, manya kuma su ƙara yadda suke so.

Salaga: dafa-dukan Senegal da kifin Volta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya kwanta tsakanin Salaga da kudu, sai an hau jirgin fito daga Makango zuwa Yeji. Tafkin ya datse tsohuwar hanya, amma ya kawo kifi, kuma shi ne ya sa girkin Senegal da ake kira cebujen ya dace da matan Salaga. Ma'anar sunan a harshen Wolof shinkafa da kifi. Asalinsa daga birnin Saint-Louis ne, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Masana da yawa suna ganin shi ne kakan dafa-dukan da Gana da Nijeriya suke gardama a kai da sunan jolof, wanda shi kansa sunan tsohuwar daula ce ta Senegal. Abin sha'awa kuma, da ɓarzajjiyar shinkafar da Faransawa suka riƙa kawowa daga ƙasashen da suka mallaka a Asiya girkin ya kafu, wato shinkafar da ake rainawa ita ce ta fi dacewa da shi.

A samu giwan ruwa ko manyan karfasa, a yanka gunduwa-gunduwa. A daka lawashi da tafarnuwa da attaruhu da gishiri, a tsaga jikin kifin a cusa. A soya shi sama-sama a tsame. A cikin man a soya albasa da tumatirin gwangwani har sai mai ya taso ja, a tsaida ruwa, a sa ɗan busasshen kifi ko daddawa don ƙamshi. Sai a jera rogo da kabewa da karas da kabeji da yalo da kuɓewa manya-manya ba tare da an yayyanka su ƙanana ba, a mayar da kifin a kai. Kowanne ya dahu a tsame shi a ajiye a rufe. Shinkafar, wadda aka fara turara ta a madambaci a kan wannan tukunya, sai a juye ta cikin romon ta ƙarasa. A ɗebi romo kaɗan a dama da tsamiya a yi ɗan miyar gefe. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya kada a zubar, domin mutanen Senegal suna ɗaukar sa abin marmari, suna sa shi a gefen tire. Wannan abinci a tire ɗaya ake cin sa, uwargida tana gutsuro kifi da kayan lambu tana tura wa kowa gabansa, tsarin da ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Yendi: taliya da wagashi, da wasa-wasa

Ga jikokin da aka haifa a Turai da Amurka, babu abin da ya fi saurin shiga bakinsu irin taliya. Kuskuren da mukan yi shi ne dafa ta har ta caɓe. A tafasa ruwa mai yawa da gishiri, a zuba ta, a ba ta minti 8 zuwa 10, a tace. Miyarta mai sauƙi ce, albasa da tafarnuwa da nunannen tumatir da niƙaƙƙen nama, a dafa a hankali ba yaji. Turawan Italiya da cuku suke ci, mu kuwa muna da wagashi, cukun da matan Fulani suke yi da madarar shanu da ruwan tumfafiya, suna tallarsa a kasuwar Yendi mai ci duk bayan kwana 6. A tafasa shi da gishiri, a yanka ƙanana, a soya, a watsa a kan taliyar.

Idan kuma baƙon ya zauna a Libiya ko Maroko ya saba da kuskus, wanda shi ma UNESCO ta karrama a 2020, to ƙasar Dagomba tana da ɗan uwansa, wato wasa-wasa, wanda ake murza garin busasshiyar doya a turara shi kamar yadda muke turara dambu. A yi masa romon rago da kabewa da karas da kabeji irin na mutanen Magrib, a zuba a kai. Baƙon zai ga tsarin da ya sani, ya kuma ɗanɗani doyar ƙasar kakanninsa a lokaci guda.

Abubuwan da ya kamata a kiyaye

Na farko shi ne halal. 'Yan matanmu a yau daga wayar hannu suke koyon girki, kuma girke-girken Turai da yawa suna ɗauke da giya ko kitsen alade. Inda aka ce a zuba giya a miya, romo da ɗan ruwan tsamiya ko lemun tsami yana biyan buƙata. Naman gwangwani da sosej da kayan zaƙi masu danƙo, a karanta abin da aka rubuta a jikinsu kafin a saya, idan an yi shakka a bari. Kajin ƙanƙara da ake shigo da su ma haka, kuma zabon da maigida ya yanka da hannunsa ya fi su kwanciyar hankali da daɗi.

Na biyu lafiya. A watannin Maris da Afrilu zafi a Bawku da Yendi yakan haura maki 40, wutar lantarki kuma ba kullum take tsayawa ba. Salak mai mayonis da ƙwai, da dafaffiyar shinkafa da ta yini a rufe, suna saurin lalacewa a irin wannan yanayi, kuma cikin yaron da ya zo daga waje bai saba ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. A wanke ganye da ruwa mai tsabta, a dafa daidai ci, abin da ya rage a ɗumama shi sosai. Hukumar ta kuma ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, alhali kusan rabin dunƙulen miya gishiri ne. Tun da cikin baƙi ba a rasa dattijo mai hawan jini, a rage dunƙule a ƙara daddawa da albasa.

Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne bashi. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, kuma duk wanda ya yi cefane a wannan lokaci ya san yadda kuɗin buhun shinkafa 'yar waje ya riƙa tashi daga kasuwa zuwa kasuwa. Baƙo zai yi mako 2 ya koma, bashin kuma ya zauna da masu gida har girbi. A nan muna kira ga magidanta musamman. Bai dace mutum ya ce a yi wa ƙaninsa girkin Turawa, ya ajiye kuɗin cefanen kullum, ya bar matarsa ta cike giɓin da jarin ƙosanta ko da kuɗin adashinta ba. Wanda ya ba da umarnin tukunya shi ne zai ɗauki nauyinta, har da gawayi da ruwa, ya kuma tuna cewa tukunya biyu aikin hannu huɗu ne.

Haƙƙin baƙo da haƙƙin mai masauki

Addininmu ya girmama baƙo ƙwarai, har Bahaushe yake cewa baƙonka Annabinka. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da gasasshen maraƙi ya tari baƙinsa. Sai dai shari'a ta yi wa abin iyaka mai sauƙi. Karramawa ta musamman yini da dare ce, liyafa kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. An ruwaito cewa wasu mutum biyu sun ziyarci Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kawo musu gurasa da gishiri, ya shaida musu cewa an hana su ƙaƙalo wa baƙo abin da babu. Ɗayansu ya nuna sha'awar a ce akwai ganyen za'atar a cikin gishirin, sai Salman ya kai butar alwalarsa jingina ya sayo. Da suka ƙoshi, baƙon ya gode wa Allah da Ya wadatar da su da abin da Ya hore musu, Salman kuwa ya tuna masa cewa da ya wadatu da gaske, da butarsa ba ta kwana a hannun mai kanti ba.

Wannan ƙissa ta shafi ɓangarorin biyu. Ku 'yan uwanmu da ke ƙetare, ku riƙa gaya wa iyayenku tun a waya abin da kuke so da abin da yara suke iya ci, ku aiko da kuɗin cefane kafin ku taso, ku kuma riƙa tuƙa wa 'ya'yanku tuwo a can ko da sau ɗaya ne a mako, domin kada ranar da suka fara ganin sa ta zama ranar da kakarsu ta miƙo musu. Ku kuma iyayenmu mata, ku daina jin kunyar akushinku. Idan suruka ta nemi shiga madafa, kada a ce mata baƙuwa ba ta aiki. A ba ta wuƙa da albasa, ta nuna nata, ta ga naku.

Haka aka yi a ƙarshe a gidan gwaggo. A kwana na uku matar ɗanta ta ɗaura zane ta fito tsakar gida ta ce, "Mma, ki bar ni in dafa wa yara taliyarsu, ke kuma ki koya mini kaɗa ayoyo." Aka hura murhu biyu kusa da juna. Gwaggo ta ga yadda ake tace taliya tun tana da ɗan ƙarfi, ta yi ta mamaki wai ɗanya za a ba yara, surukar kuma ta koyi yawan kanwar da miya take so. Babban jikan, da ya ga ana tuƙi, ya nemi a ba shi muciya, ya tuƙa sau uku ya gaji, amma da aka kwashe ya ce lallai sai ya ci wanda ya tuƙa. Loma huɗu ya yi, gwaggo tana ƙirgawa. Ragowar buhun shinkafar nan kuwa aka sayar wa wata mai waakye a unguwa, aka rage bashin adashi, ɗanta ya cika sauran kafin ya koma.

Muna fatan iyayenmu mata da suka gwada ɗaya daga cikin waɗannan girke-girke za su rubuto mana yadda ta kaya, da irin sauyin da suka yi da kayan kasuwarsu, don sauran gidaje su amfana. Allah Ya sa albarka a tukwanenmu, Ya ƙara danƙon zumunci tsakaninmu da 'yan uwanmu na nesa, Ya dawo mana da su lafiya.